Zancen Motar Ƙungiya: Mu Dai Ƙaramar Suzuki Muka Zaɓa

Tun taron da aka yi a ƙarshen kaka zancen mota ya ƙi ƙarewa a cikin ƙungiyarmu. Ko ina mutum ya zauna, a tike ne ko a rumfar mai shayi, ba ya jin komai sai "wace iri za a saya?" An riga an tara kuɗi, kowa ya ba da nasa, daga mai jika biyar har mai jika ɗari, kuma an ce kafin bazara ta kama za a yanke shawara. To kuɗin nan gumin mutane ne. Shi ya sa muka ga ya kamata mu faɗi namu ra'ayi a rubuce, don kada gobe a ce mun yi shiru.

Ba za mu ɓoye ba, mun ɗauki ɓangare. Mu muna goyon bayan a sayi tsohuwar ƙaramar Suzuki ɗin nan da ake kira Samurai, ko SJ413, in da hali ma a sayi biyu. Mun san dariyar da ake yi mata. Wani babba daga cikinmu ya kira ta akwatin ashana a gaban taro, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Wani ya ce in muka shiga Maigatari ranar Alhamis a cikinta, mutanen Nijeriya za su ce ƴan Maraɗi sun karye. Mun ji, mun kuma yi dariyar tare da kowa. Amma a bari mu yi bayani.

Abu na farko, me za a yi da motar? Ai ba shanu za ta ɗauka ba. Shanu da ƙafarsu suke zuwa, ko a loda su a titan. Aikin motar ƙungiya shi ne ta ɗauki mutum biyu ko uku da dillali ta kai su rijiyoyi da rugage arewa da Dakoro, wajen Bermo da Gadabeji, su ga dabba tun tana hannun mai ita kafin ranar kasuwa. Ko kuma a aiko cewa saniya ta faɗi a hanya, ko ƴan kora sun samu matsala da manoma a kan burtali, a tashi mutum da magani ko da bakin sulhu ya isa wurin kafin rana ta faɗi. Hanyoyin nan kuwa kowa ya san su: jigawa ce da rani, taɓo ne da damina, sai sawun amalanke da ƙaya. Duk wanda ya zaɓi mota bai duba wannan hanya ba, to hanyar gidan biki ya zaɓa wa mota.

Ita wannan mota mutanen Japan suka ƙera ta. Kakarta ta fito a 1970, ƴar mitsitsiya mai injin da bai fi na babban babur ba. A 1981 aka fito da SJ410 mai inji cc 970, sai a 1984 aka ƙara mata ƙarfi aka yi SJ413 mai inji lita 1.3 da giya biyar. An ƙera ta a Sifen, kuma yawancin waɗanda suka zo mana ta teku daga Turai can suka fito. A Indiya an yi mai dogon jiki da sunan Gypsy tun 1985, sojojinsu suka yi shekaru suna aiki da ita. Tun farko an yi ta ne don manomi da mai ƙaramin ƙarfi wanda ba ya iya sayen Land Cruiser ko Land Rover, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa babu wani abu a jikinta da aka sa don ado.

Wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta ya san abin da muke nufi. Ƙasanta shasi ne na ƙarfe mai kamar tsani, dogayen ƙarafa biyu da gajeru a gicciye, gangar jikin kuma an ɗora ta a kai an ɗaure da noti. Duk wahalar hanya shasin ke sha. In jiki ya lotse ko ya ruɓe, mai walda ya gyara shi, mota na nan daram. Ƙananan motocin da ake kawowa yanzu ana ce musu kat-kat, da yawansu jiki da shasi abu guda ne, in ta murɗe a rami ƙofa ma ba ta ƙara rufuwa daidai.

Sannan ƙafafunta. Gaba da baya duk aksil ne guda miƙaƙƙe, wanda makanikanmu na nan ke ce wa pon. Taya biyu a kan ƙarfe ɗaya suke, in ta dama ta hau tudu ta hagu sai ta danna ƙasa, kuma tsakanin cikin motar da ƙasa, wajen santimita 20, ba ya raguwa don an faɗa rami. Abin da ke riƙe da aksil ɗin kuwa sifirin ne na faifayen ƙarfe, irin na tsohuwar Peugeot 404 bashe da iyayenmu suka ci kasuwa da ita. Mu da kanmu mun taɓa karya faifai guda tsakanin rijiya da rijiya, ba gari kusa. Yaron mota ya sare reshen aduwa, aka ɗora, aka naɗe da robar tsohon tub, muka lallaɓa har Dakoro. Washegari wani makeri ya yanko faifai daga sifirin wata matacciyar mota ya daidaita shi, kafin azahar mun kama hanya. Kuɗin aikin bai kai kuɗin ɗan akuya ba.

Amma inda hikimar take shi ne ƙaramin akwatin giya na biyu, wanda ke bayan babban. In ka shiga motar za ka ga sanda biyu, doguwa ta giya, da gajera a bayanta. Gajerar ita ce muke ce wa karabo, ƴan Nijeriya su ce fowil. Tana da wuri huɗu: 2H, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, 4H, inda duka huɗu ke ja, N, inda babu mai ja, da 4L, inda duka huɗu ke ja a hankali da ƙarfi. A Samurai, ko a babbar giya akwatin nan yana rage juyin inji da 1.4, a ƙarama kuwa da kusan 2.3. Ma'ana an sayar da gudu an sayi ƙarfi. Shi ya sa inji mai doki sittin da ƴan kai yake hawa tudun rairayi da mutum huɗu, shi ya sa kuma in ka hau kwalta ka kai kilomita 90 a awa sai ka ji tana kuka kamar ana yanka ta. Sandar ƙarfe ce ke tura haƙori ya shiga haƙori, ba waya, ba maɓalli. In ta shiga ka ji a hannunka ta shiga.

A nan sai mun tsaya mun ja kunne, don a nan ne direbobinmu ke kashe irin motocin nan. Duk wanda ya yi huɗa da shanu ya san in an kai ƙarshen kunya za a juya, san da ke waje ya fi na ciki tafiya. Haka mota take, in tana kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin ƙasa. Ita Suzuki in aka sa karabo, gaba da baya a ɗaure suke, dole su juya daidai wa daida, babu abin da ke raba musu. A cikin rairayi ko laka ba komai, taya na ɗan zamewa ta huce. A kan kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarfe, taya ta cinye, kardan ya fara ƙara, wata rana wani abu ya ɓalle. Saboda haka da an taka kwalta a mai da ita 2H. Kuma a tsakiyar tayoyin gaba na yawancinsu akwai wani abin murɗawa mai rubutun FREE da LOCK. Kafin a shiga rairayi sai an sauka an murɗa duka biyu zuwa LOCK, in ba haka ba ko ka sa karabo tayoyin gaba ba su ja. Mun ga wanda ya kwana a kori yana zagin mota, alhali gefe guda kawai ya kulle.

Babban sirrinta dai rashin nauyi. Ba ta cika tan guda ba, kilo 950 ne ko ƙasa da haka. Manyan kat-kat sun haura tan biyu. A jigawa nauyi shi ne abokin gaba, mai nauyi nutsewa yake yi, marar nauyi ya bi ta sama. A rage wa tayoyi iska kaɗan su baje, sai ta wuce inda babba ke tona wa kanta kabari. In kuma ta kafe, mutum huɗu da shebur sun fitar da ita. Wata damina a kwarin Tarka mun tarar da wata babbar mota ta wasu baƙi ta nutse har ƙofa, tun safe suke jiran a zo da tarakta. Muka ratsa ta gefensu a 4L, muka tsaya a tudu, muka dawo da ƙafa muka taya su tura. Mai motar ya dubi tamu ya ce, "Alhaji, wannan abar wasan yara ce ta wuce?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ta ci ta ƙoshi ba ne, shi ya sa." Har yau in mun tuna fuskarsa sai mun yi murmushi.

Injin ma haka. A tsofaffin cikinsu kabireto ne, da buji huɗu, da ƴan wayoyin da za ka iya ƙirgawa. Man bakin hanya na cikin kwalba, wanda wani lokaci da ƙura ko ruwa a ciki, in ya toshe ta sai a kwance kabireto a wanke a hura a mayar, a gindin itace. Tankinta lita 40 ne, tana shan kamar lita 10 a kilomita 100 in hanya na da kyau, a rairayi ta fi haka. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a 2023 kowa ya san arahar man da ake tsallakowa da shi ta wuce, don haka kowace lita abin lissafi ce yanzu.

To masu son babbar mota me suka ce? Sun ce daraja, sun ce sanyi, sun ce gudu. Ba mu raina maganarsu ba, don mu ma ƙashin bayanmu ya san abin da Suzuki ke yi wa mutum. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita biyu ne da ɗan kaɗan, ga sifirin mai tauri, a kan hanya mai kunya-kunya sai ka ji haƙoranka na haɗuwa. Dattijo mai ciwon baya ba zai so ta ba. Amma kuɗin da ke hannunmu ba ya sayen sabuwar babba. Abin da zai saya shi ne babba wadda ta gaji a Turai, mai kwamfuta a ciki, mai na'urori barkatai. Ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyar nan ya sayi irinta, ba sai mun faɗi suna ba. Wata rana a daji wata fitila ta kama a gaban direba, mota ta ƙi wuce gudun jaki. Makaniken ƙauye ya buɗe ya duba ya ce, "Baba, wannan ba aikin sifana ba ne, sai mai na'ura." Aka jawo ta har Maraɗi, aka ce abin da ya mutu bai fi ɗan yatsa ba, amma sai an aiko da shi daga waje. Ta yi wata biyu a garaji, kasuwa huɗu ta wuce shi. Mu da muka ga karyewar sefa a watan Janairu na 1994 muna samari, muka ga kuɗin kayan gyara ya ninka a dare ɗaya, muka kuma ga yadda kaya suka yi wuya da aka rufe gadar Gaya a 2023, ya kamata a ce mun koyi tsoron duk motar da ranta ke hannun jirgin ruwa.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗi da ƙarfi. Babbar kat-kat mai ƙyalli a daji ido take ja, kuma ba idon alheri kaɗai ba. Masu tare hanya sun san irin motar da suke so. Ba mu ce ƙarama laya ce ba, kuma in aka biyo ka ba za ta tsere da kai ba, wannan gaskiya ne. Amma mai tafiya da kuɗin mutane a aljihu gara kada a san da wucewarsa.

Yanzu sai aibinta, don kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar nan siririya ce, ga tsawo, ga gajarta. Irin wannan jiki ba ya son a fizgi sitiyari da gudu. A 1988 wata mujallar masu sayayya ta Amurka, Consumer Reports, ta buga cewa Samurai na saurin kifewa a kwana, cinikinta ya faɗi warwas a can. Hukumar kula da lafiyar hanya ta ƙasar ba ta yarda a janye motar ba, kamfanin ya kai ƙara a 1996, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2004. Mu ba alƙalai ba ne, amma abin da muka gani da idonmu shi ne laifinmu ya fi yawa. Duk abin da aka yarda ta ɗauka bai wuce kilo 400 ba, har da direba da fasinja. Bijimin Azawak guda ɗaya mai ƙiba ya kai haka. Mutum huɗu manya da jarkar mai da jarkar ruwa, an kusa cikawa ke nan. Amma sai ka ga an yi mata karaga a sama an ɗora buhun dusa shida, kowane kilo 50, an ƙara da raguna biyu a baya. Haka wani yaronmu ya yi shekarun baya. Jaki ya fito masa a kan kwalta, ya kauce da sauri, nauyin sama ya rinjaye ta, ta kwanta. Allah ya kiyaye rai, amma hannunsa har yau bai miƙe daidai ba. Kuma mu muka sa shi lodin, don ƙyashin biyan amalanke. Wannan abu yana ranmu, shi ya sa muke cewa in an saya, kada a yarda a yi mata karaga ko da ta ɗora tabarma ce.

Na biyu, tsufa. Ƙaramar cikinsu ta haura shekara ashirin, wasu sun kusa arba'in. Araha ba ta ado, kuma ba kowace aka gani za a saya ba. Wanda za a aika ya tafi da makanike, ya shiga ƙarƙashi da guduma ya ƙwanƙwasa shasin, musamman inda sifirin ke kamawa, don waɗanda suka zo daga ƙasashen sanyi gishirin da ake zubawa a hanya ya cinye su ta ciki. A ɗaga gaba a girgiza taya sama da ƙasa, in tana wasa to boris ɗin ƙugun ya tafi, kuma shi ne ke sa sitiyari rawa in an taka rami. A gwada gajerar sanda a duk wurarenta huɗu, don akwai wata ƴar roba a gindinta da ke cinyewa ta sa sanda ta cije. Injin na alminiyom ne, ba ya yafe zafi, in ya taɓa tafasa sosai kansa na iya karkacewa, don haka a duba ruwan lagireto ko akwai mai a ciki. Bel ɗin cikin inji kuwa, a canza shi ranar da aka saya, kada a tambayi mai sayarwa yaushe ya canza, ai ba zai ce jiya ba ne ko ya ce bai sani ba. Takardun duwan ma a tabbatar lambar da ke jikinsu ita ce a jikin shasi, kada jandarma su ƙwace mana ita a shingen farko.

Kayan gyaranta ba su kai na Toyota yawa a kasuwa ba, wannan ma mun yarda. Shi ne dalilin da ya sa muka ce biyu. In ɗaya ta kwanta ɗaya na aiki, kuma kayan wannan na shiga waccan. A ajiye akwati a ofishin ƙungiya da bel, da buji, da boris, da kros ɗin kardan, da faifan sifirin guda biyu, a ba mutum ɗaya mabuɗi da littafi. Abin da ya rage na kuɗin, bayan an sayi biyun an gyara, zai riƙe mai da albashin direba na wani lokaci. Babbar kuwa ranar da aka saye ta asusu ya ƙare, sai a sake bin mutane da ƙoƙo.

Wani matashi cikin ƴaƴanmu masu waya ya nuna mana cewa a 2007 wasu mutum biyu ƴan ƙasar Cile sun hau wani dutse da Samurai har tsawon mita 6,688, wanda a lokacin babu motar da ta taɓa kaiwa. Muka ce masa madalla, amma tasu an yi mata gyare-gyare, kuma mu ba dutse za mu hau ba. Abin da ya fi burge mu shi ne da ya nuna mana sabuwar Jimny da aka fito da ita a 2018. Jika ce ga wannan, an sa mata kwamfuta da sanyi da sifirin mai naɗi, amma shasin tsani na nan, aksil miƙaƙƙe gaba da baya na nan, gajerar sanda ma na nan. Masu ƙera ta sun yi kusan shekara hamsin suna canza komai, amma shasin tsani da aksil miƙaƙƙe ba su rabu da su ba.

Saura maganar direba, wadda ita ce ta fi ba mu tsoro fiye da motar. Motar kowa da kowa ba ta daɗewa. In yau wannan ya ja, gobe ɗan wancan ya ja, jibi a kai amarya da ita, to ko wace iri aka saya shekara guda ta yi yawa. Muna roƙon shugabanni su sa a rubuce cewa kowace mota direbanta ɗaya, mai hankali, wanda ya haura shekara talatin, wanda zai iya duban Alhaji a ido ya ce, "Ranka ya daɗe, buhun nan ba zai hau ba." Kuma a rubuta cewa Alhajin ba shi da ikon korarsa don ya faɗi haka.

Ranar taro mai zuwa za mu zo da tamu tsohuwar, mu ajiye ta a ƙofar ofis. Duk mai so ya shiga ƙarƙashi ya gani da idonsa, za mu shimfiɗa tabarma. Wanda ya kira ta akwatin ashana kuma mun tanadar masa kujerar gaba, in ya yarda bayan la'asar mu je mu hau jigawar da ke bayan tike mu dawo.